Baba Eriya da Muryar Bayan Dutse

Ina cikin ɗaga ƙofar shagona da safe Baba Eriya yake isowa. Tun daga bakin lungu nake gane takunsa, ƙafa ɗaya tana jan 'yar'uwarta, jaka a kafaɗa da flas ɗin shayi a ciki. Zai ɗan tsaya ya ce, "Tela, an tashi lafiya?" Kafin in gama amsawa ya kai rabin matakala. Shagona na ɗinki yana ƙasan bene, ɗakin ƙungiyarsu yana samansa, don haka duk motsinsa a kan kaina yake. Ina ji zai buɗe taga, ya karkaɗe ƙyallen da yake rufe na'urori da shi, ya duba ko sola ta cika batir, ya leƙa rufi ya ga ko iska ta karkatar da eriya. Daga nan sai wata ƙara ta cika benen, shuuu, kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Haka safiyarmu take tun ina sabon kama shago, ga shi yau har furfura ta fara leƙo mini.

Bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya karanta wannan ya zo shagona da tambaya: ni ban gane aikin nan ba. Ƙungiya ce ta masu rediyon sha'awa. Ba gidan rediyo ba ne mai labarai da waƙa, ba kuma oba-oba ta 'yan sanda ba ce, ko da yake sun yi kama. Kowane ɗan ƙungiya yana da na'urarsa a gida, da lasisi, da wata lambar kira ta haruffa da lambobi wadda ban taɓa iya riƙe ko ɗaya ba. Kowace safiya Baba zai zauna gaban babbar na'urar ƙungiya ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya amsa, ya faɗi yadda yake jin muryar Baba, ya faɗi ko an yi ruwa a wajensu, shi ke nan a wuce na gaba. Kuma duk mutanen nan akwai waya a aljihunsu.

Na taɓa hawa takanas na tambaye shi. Na ce, "Baba, don Allah me ake samu a nan?"

Ya ce, "Ana samun juna."

Na sauko da ruɗun da ya fi wanda na hau da shi.

Ɗakin kansa abin kallo ne. Dogon tebur ne da na'urori a jere, wata sabuwa fil, wata ta girme ni. Makirufon an naɗe wuyansa da baƙin salatif. Akwai ƙarfen like da dalma wanda warinsa yake sauko mini har shago, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, da wayoyi da suka bi bango suka fita ta taga. A kan rufi kuma ga eriya, Baba ne ya haɗa ta da bututun alminiyon, tana tsaye kamar ƙashin kifi, ita ce ta jawo masa sunan da ya binne nasa na yanka. Ranar Asabar yakan koyar da sababbin shiga. Wani lokaci kuma su fita abin da suke kira farauta: ɗayansu ya ɓoye wata 'yar na'ura mai ƙara a cikin gari, sauran su bazu da ƙananan eriya a hannu suna nema, manya da su, masu iyali. Na tambayi Direba, ɗaya daga cikinsu mai tuƙa motar kaya, in ku kuka ɓoye da hannunku, neman na mene ne? Ya dube ni da tausayi ya ce in koma kan kekena.

To, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma shekarar da aka yi ambaliya na daina dariya. Ruwa ya ci turakun waya, layuka suka mutu, gari ya rabu biyu. Nas, wata 'yar ƙungiya da take aiki a ƙaramin asibitin ƙetaren kogi, ita ta ba ni labarin da bakinta. Ta ce suna da mace a kwance tana zubar da jini bayan haihuwa, ba jini, ba hanya, ba waya. Ta ɗauki 'yar na'urarta ta hannu ta kira, ba ta ma sa ran amsa ba, sai ga muryar Baba kamar yana bayan ƙofa. Shi ya nemo mai kwalekwale ta bakin wani ɗan ƙungiya, shi ya nemo jini ta bakin wani. Kwana da kwanaki bai sauko daga benen nan ba, ni nake miƙa masa ruwan zafi. Matar tana nan da ranta, ba ta ma san da wani tsoho a saman shagon tela ba.

Kai ne, Baba, ka zauna kan kujerar katako har ƙafafunka suka kumbura, kana ɗaukar maganar wannan kana kai wa wancan. Kai ne da ruwa ya janye aka zo ana yabon masu manyan motoci, ka rufe na'urarka da ƙyalle ka tafi gida ka kwanta. Ban ji an ambaci sunanka ba, ban kuma ji ka yi ƙorafi ba.

Amma in ka tambaye ni wanda Baba yake hawa matakalar nan dominsa, zan ce maka Na Bayan Dutse ne. Wani mai gadin gidan famfo ne can nesa, bayan duwatsu, inda waya ba ta kamawa. Shi ne na ƙarshe a kiran safe. Muryarsa siririya ce kamar zare, babu na'urar da take kamo ta sai ta ƙungiya mai doguwar eriya, babu kuma kunnen da yake tsinto ta sai na Baba. Shekaru sun fi ashirin suna gaisawa kullum, ba su taɓa ganin juna ba. Baba ya san ranar da matar mutumin ta rasu, ya san ciwon gwiwarsa, amma bai san ko dogo ne ko gajere ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfin kaina.

Saboda shi ne benen yake cika da ƙarar nan. A gaban babbar na'urar akwai wani ɗan abin murɗawa da suke kira ƙofa. In ka murɗa shi ƙarar ta mutu, ɗaki ya yi tsit, amma sai murya mai ƙarfi ce kaɗai za ta iya turowa ta shigo. In ka bar shi a buɗe ka sha ƙara, amma ko mai rauni zai samu shiga. Baba bai taɓa rufe ƙofar ba. Na yi mita har na gaji, ya ce in yi haƙuri, akwai mai zuwa daga nesa.

Sai kunnen Baba ya fara nauyi. Mu da muke ƙasa mun riga shi yarda. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka ai ya ci. Autarsa ta gaji da ɗaga murya a gida, ta kai shi asibiti aka sa masa ɗan injin kunne. Ya dawo yana murna, har tsegumin da ake yi a shagona ya fara ji. Sai dai injin bai san abin da ya kamata ya ƙara da wanda ya kamata ya bari ba. Ƙarar na'urar ta koma masa kamar ana soka masa allura a ƙwaƙwalwa. Ya daure, ya daure, ran nan ya ɗan murɗa ƙofar, kaɗan dai, daidai inda ƙarar ta ɗauke. Na Bayan Dutse ya ci gaba da shigowa lafiya lau. Benen ya yi shiru, ni kuwa har godiya na hau na yi masa.

Ana nan aka yi wata iska mai ƙarfi da ruwa. Washegari Baba ya kira Na Bayan Dutse, ba amsa. Rana ta gaba ma haka. Ya sauko ya tsaya a ƙofar shagona yana juya hula a hannu.

"Tela, ko ka ji wani abu daga sama yau?"

"Me zan ji, Baba? Ni da keke yake kaɗa mini kunne."

"Bai amsa ba."

"Wataƙila batirinsa ne."

"Wataƙila."

Daga nan kowa ya kawo tasa. Wani ya ce eriyar ƙungiya ce ta karkace, aka hau aka duba, tana nan daidai. Wani ya ce na'urar ce, aka kwance ta aka mayar, ba a ga komai ba. Wani ya ce an yi wa mutumin canjin wurin aiki. Baba da kansa yakan buɗe ƙofar wasu ranakun ya kasa kunne, ƙarar ta daki injin, idonsa ya kawo ruwa, ya mayar ya rufe bai tsinci komai ba. Nas ta ce ya bari ta nemi hutun safiya ɗaya ta zo ta taya shi saurare. Ya ce, "'Yata, kunnena ne ya san shi. In yana nan zan ji." Babu wanda ya yi musu, don wa zai koya wa Baba Eriya sauraro? Shi kuma bai gaya wa kowa yadda kunnen ya lalace ba.

Da shirun ya yi tsawo, Direba ya samu kaya zuwa wajen, ya ce zai ratsa ya dubo. Ya dawo da fuskar da ba sai an tambaya ba. Ruwa ya cinye gadar da ake bi, bai iya ƙetarawa ba, amma mutanen bakin gadar sun ce masa tsohon gidan famfo ya rasu bayan iskar nan. Wane tsoho? Ai tsohon gidan famfo. Sunansa fa? Direba ya buɗe baki, sai a lokacin ya tuna shi ma bai san sunan ba, lambar kira kawai ya sani.

'Yan ƙungiyar nan suna da wata ƙa'ida. In ɗayansu ya rasu, sai a taru a yi masa kiran ƙarshe: a kira lambarsa sau uku a iska, a saurara, in ba amsa a yi masa addu'a a cire shi daga kiran safe. Aka ce wa Baba lokaci ya yi. Ya ce a ƙara haƙuri. Kullum sai ya kira, kullum sai ya sauko yana jan ƙafa fiye da jiya. Ya rame, shayin ma da shi yake komawa gida. Wata rana ya ce mini, "Ban san ko mutuwa ya yi ba, ko ni ne na mutu ban sani ba." Na ci gaba da yanka yadi.

A ƙarshe shi ya sa rana da bakinsa, ya kuma ce a ranar zai miƙa makirufo ga Nas ya huta. Ya ce wanda yake hawowa dominsa ya tafi, gwiwa kuma ta gaji.

Ranar da safe ɗakin ya cika. Ni ma aka ce in hau, a matsayin maƙwabci, na samu gefen taga na raɓe. Baba ya kira kowa kamar kullum, waɗanda suke gida suka amsa, da yawa suka faɗi alherin mamacin. Sai aka zo kan na ƙarshe. Ya danna makirufo ya faɗi lambar, ya ce, "Na Bayan Dutse, ɗakin ƙungiya ke kira." Ya saki, ɗaki tsit. Ya sake kira, tsit. Kafin na uku sai ya dakata. Ya zare injin daga kunnensa ya jefa a aljihu, ya ce, "Ba zan yi masa kiran ƙarshe ƙofa a rufe ba." Ya buɗe ta gaba ɗaya, ƙarar da na manta da ita ta dawo ta cika ɗakin. Ya kira na uku, ya saki, ya rufe ido.

A cikin ƙarar na ji wani abu. Da farko na ɗauka mai talla ne a lungu, har na leƙa ta taga, ba kowa. Na juyo na ga Direba ya miƙe tsaye baki buɗe, Nas ta dafe ƙirji. Can ƙasa-ƙasa, tana zuwa tana ɗaukewa, wata murya ce take cewa, "Ina nan... ina jin ku... ina nan."

Baba bai ji komai ba. Idonsa a rufe, hawaye yana bin gemunsa, ya danna makirufo ya fara: "Tun da mun kira bai amsa ba, Allah ya jiƙan ɗan'uwanmu, Allah ya sa..."

Ka san abin mamaki? Babu wanda ya motsa. Ashe wata dokar ce tasu, ba a katse mai riƙe da makirufo ko gini yana faɗuwa, kuma ta shige musu jini har sun kasa karya ta. Suna tsaye suna kallon juna, ana yi wa mai rai addu'ar mamaci. Ni da ban san doka ba na tsallake wayoyi na kama hannunsa na ce da ƙarfi, "Baba, tsaya! Mamacin yana magana!"

Ya buɗe ido ya dube ni. "Me ka ce?"

Nas ta sunkuya ta faɗa masa a kunne. Ya dubi na'urar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar yana neman wanda zai fara dariya. Ya lalubo injin ya mayar, ƙarar ta soke shi, ya cire. Sai ya tashi daga kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi, ya ce, "'Yata, zauna. Ki zama kunnena."

Nas ta sa abin saurare a kunne, tana ji tana faɗa masa da ƙarfi.

"Ya ce iskar nan ce ta karya masa eriya, ya ɗaure guntunta a bishiya, shi ya sa ƙarfinsa ya ragu."

"Wanda ya rasu fa?"

"Abokin aikinsa ne. Tun lokacin shi kaɗai ne a wurin, ba ya iya barin famfo, ga gada ta karye."

"Yana jin mu?"

"Ya ce bai taɓa daina jin mu ba. Kullum ka kira yana amsawa har muryarsa ta dushe. Yana ji aka sa ranar yau."

Direba ya ce, "Innalillahi, ni na kashe shi," ya zauna a ƙasa. Wani ya fashe da dariya, wani da kuka, ni kuwa na kasa gane wanne ya kamata in yi. Nas ta ɗaga hannu a yi shiru, ta saurara, sai ta cije leɓe.

Baba ya ce, "Faɗi mana."

"Ya ce bai san ana son sa haka ba sai da ya mutu. Ya ce addu'ar da ka fara kada ka zubar, ka ajiye masa, zai buƙace ta wata rana."

Baba ya miƙa hannu aka ba shi makirufo. Sauran 'yan ƙungiya suna saurare a gidajensu, ya kuma sani. Ya ce, "Abokina, ba eriyarka kaɗai ba ce. Ni ne na rufe maka ƙofa don kunnena ya huta. Kunnen ya mutu na ɓoye wa mutane, aka ce a taya ni na ƙi. Ka yafe mini." Nas ta saurara ta ce ya ce ba komai, sai dai a gaya wa Direba ya daina ɗauko labari a bakin gada.

Wannan ne ya sa na ɗauki biro, ni da almakashi ne sana'ata. Mutum ya shekara yana aiki ba tare da kuskure ba abu ne da ban taɓa gani ba. Amma dattijo ya tsaya gaban waɗanda ya koyar, ranar da ake sallamarsa da girma, ya ce laifina ne, ba wanda ya tambaye shi, wannan sai kai, Baba Eriya, mai ƙofa a buɗe. Ka miƙa wa Nas makirufo da sharaɗi ɗaya, kada ta rufe ƙofar nan ko tela zai yi kuka. Ba ta rufe ba, ni ma ban yi kukan ba.

Abin da ya rage mai ciwo shi ne, ko an gyara eriyar can, kunnen Baba ba zai ƙara tsinto muryar nan ba. Likita ya faɗa, shi ma ya yarda. Da aka gyara gada sai ga shi a shagona da yadi a hannu, ya tsaya in gwada shi.

"Tela, wace irin riga ake sawa a je gaida mutumin da aka yi wa addu'ar mamaci?"

"Wallahi Baba ban taɓa ɗinka irinta ba."

"To ka ɗinka yadda ka ga dama, amma ka yi sauri. Ni da shi duk ba yara ba ne. Ba na so in yi kiran nan da gaske ban ga fuskarsa ba."

Na gode, Baba, a madadin matar da ba ta san ka ba, da 'yan ƙungiyar da suka kasa katse ka, da mu 'yan ƙasan bene. Har yau ban gane yadda murya take bin iska ta haye dutse ba, kuma na haƙura da ganewa. Ku kuma masu karatu, kowa yana da wani mai rauni a can nesa wanda ya daina jin ɗuriyarsa. Kafin ku ce ya tafi, ku duba ko ku ne kuka rufe, in kuma kunnenku ya gaza ku kira wani ya taya ku ji.

Rigarka ta kammala, Baba, na goge ta na rataye. Direba ya ce gobe da safe zai tsaya a bakin lungu, ya kuma rantse wannan karon sai ya ƙetare gadar. Ka je ka gan shi.